Yadda ake mayar da tantance ɗalibai da lissafin makin admishin kan kwamfuta ba tare da an ci haƙƙin kowa ba

Duk wanda ya taɓa zama a ofishin admishin lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai ya san yadda wurin yake komawa, fayil jibge a kan tebur har ƙasa, mutum uku sun haɗa kai kan kalkuleta ɗaya, wani na karanto maki wani na rubutawa, ga iyaye cike da baranda kowa da 'yar takardarsa a hannu. Na yi aikin nan da hannu, na kuma yi shi bayan an koma kwamfuta, shi ya sa idan na ji wata jami'a ko kwaleji ta ce bana mun bar takarda nakan ji daɗi sosai, amma kuma gabana kan faɗi don na san inda ake tuntuɓe. Kusan kowa da neman mai haɗa fotal, wato shafin intanet na neman admishin, yake farawa, alhali shi ne ya kamata ya zo daga baya. Kwamfuta abin da aka ce ta yi shi take yi, kuma mutum dubu ashirin za ta yi wa cikin ƙiftawar ido, to in ƙa'idar da kuka ba ta karkatacciya ce ko ba ta cika ba, yara dubu za ta cuta a tare kuma ba wanda zai lura sai an kafe sunaye. Zan riƙa misali da tsarin Najeriya, amma matakan iri ɗaya ne ko'ina ake ɗaukar ɗalibai da maki.

Mataki na 1: ku rubuta ƙa'ida a takarda, a sa mata hannu, tun kafin kowa ya ga sunan mai nema ko ɗaya

Wannan shi ne uwa uba, kuma a nan zan fi daɗewa. Ku tara rijistara, shugabannin tsangayoyi, jami'in admishin da mutumin sashen kwamfuta a ɗaki ɗaya, ku amsa tambayoyin da a da kowa ke amsawa da ka. Wane darasi kowane kos ke buƙata? Kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, to a zama nawa, ɗaya ko biyu? Wanda ya haɗa WAEC da NECO an yarda, to a wane kos ne ba a yarda ba? Wanda sakamakonsa bai fito ba tukuna fa, zuwa wace rana za a jira shi? In akwai ƙa'idar shekaru, da wace rana ake ƙirgawa? Za ku sha mamakin yadda mutane biyu da suka shekara goma a ofis ɗaya za su ba da amsa daban-daban, kowa kuma yana rantsuwa haka ake yi tun da can.

Sai lissafin maki. Ga misalin rabo ɗaya da ake yawan amfani da irinsa, ku kuna iya canza nauyin yadda majalisar makarantarku ta amince: jarabawar JAMB kashi 50, jarabawar tantancewa ta makaranta kashi 30, sakamakon sakandare kashi 20. Tunda JAMB bisa 400 take, sai a raba makin yaro da 8. Ta makaranta in bisa 100 ce a ninka da 0.3. Na sakandare kuma a ɗauki darussa biyar da kos ɗin ke buƙata, A1 maki 4.0, B2 3.6, B3 3.2, C4 2.8, C5 2.4, C6 2.0.

Mu gwada da yara biyu. Ta farko ta ci 264 a JAMB, wato 33. Ta ci 70 a jarabawar makaranta, 21 kenan. Tana da A1, B2, B3, C4 da C6, sun haɗu 15.6. Jimilla 69.6. Na biyu ya ci 280, wato 35, ya ci 62 a ta makaranta, 18.6 kenan, yana da B2 biyu, B3 biyu da C5 ɗaya, 16.0. Jimilla shi ma 69.6. To gurbi ɗaya ya rage a kos ɗin, wa za a ba? In ba ku rubuta amsar wannan tun farko ba, wallahi ranar da abin ya faru wanda ya san wani shi zai samu, ko kuma kwamfuta ta ɗauki wanda sunansa ya fara da A kawai saboda haka jerin ya zo mata. Ku rubuta: in an yi kunnen doki a fara duba makin JAMB, in nan ma ɗaya ne a duba darasin da ya fi muhimmanci ga kos ɗin, in an sake yin daidai a duba kaza, har sai an rabu. Ko wane tsari kuka zaɓa ba laifi, in dai an zaɓe shi ba a san wanda zai amfana ba.

Haka maganar cike lamba. Kar a mayar da 69.55 da 69.64 su zama 69.6 kafin a jera, a jera da cikakkiyar lambar, a taƙaita ta wajen nunawa kawai.

Kar ku manta da rabon gurabe. Jami'o'in tarayya a Najeriya suna bin kashi 45 na cancanta, 35 na jihohin da ke yankin makaranta, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. A rubuta wane kaso ake fara cikewa, don yaron da ya cancanta da makinsa bai kamata ya cinye gurbin yanki ba, a sa shi a cancanta tukuna. In kuma akwai guraben 'ya'yan ma'aikata, masu buƙata ta musamman ko 'yan wasanni, kar a ɓoye su, a rubuta adadinsu da wanda ke da ikon amincewa. Abin da ba a rubuta ba ta nan ɓaraka ke shigowa.

Idan an gama, kwamitin admishin ya sa hannu, a sa kwanan wata, a wallafa tsarin lissafin ga masu nema. Wannan takardar ita za ku miƙa wa mai haɗa manhaja, ba hira ta baka ba.

Mataki na 2: ku bi sawun fayil ɗaya daga farko zuwa ƙarshe

Ku ɗauki fayil ɗin ɗalibi guda na bara, ku zana a allo duk teburin da ya bi da abin da aka yi masa a kowane tebur. Za ku tarar da wuraren da ake duba abu ɗaya sau uku, da wurin da ba wanda ke dubawa sam don kowa na zaton na gaba zai duba. Ku soke maimaicin, ku toshe giɓin, sannan a kwafi tsarin zuwa kwamfuta.

Mataki na 3: bayanai, daga ina za su zo kuma da me za a gane mutum

Doka ta farko, duk abin da za a iya samowa daga tushe kar a bar ɗalibi ko akawu ya sake bugawa da hannu. Makin JAMB a sauko da shi daga CAPS, tsarin intanet na ba da admishin da hukumar ta fara aiki da shi a 2017. Sakamakon sakandare a tabbatar da shi ta hanyar tantancewa ta WAEC, NECO ko NABTEB, abin da ɗalibi ya cike a fom a ɗauke shi a matsayin iƙirari har sai an gwada shi da na hukuma.

Doka ta biyu, kar a taɓa haɗa bayanai da suna. Mutum ɗaya zai zo a matsayin Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, Muh'd a ta uku, sannan a cikin masu nema akwai wasu goma masu sunansa da na mahaifinsa sak. Lambar rijistar jarabawa ita ce makulli, kowane tebur na bayanai da ita za a ɗaure shi. A ƙara da lambar NIN mai lamba 11, wadda JAMB ta wajabta tun 2021, don kama wanda ya cike fom sau biyu.

Shi fom ɗin kuma ku rage wuraren rubutu iya yinku. Darasi, giredi, shekarar jarabawa, jiha, ƙaramar hukuma, duk a sa su a jerin zaɓi, mutum ya latsa kawai. In ka bar fili ɗalibai su rubuta Lissafi da kansu za ka samu rubutu iri bakwai, kuma kwamfuta darussa bakwai za ta ɗauke su. Kwanan wata a raba rana daban, wata daban, shekara daban, don 03/04 wani 3 ga Afrilu yake nufi, wata manhajar kuma 4 ga Maris za ta karanta. Ku gwada fom ɗin da suna irin Sa'adatu ko Mu'azu, wannan 'yar waƙafin ta sama tana karya manhajar da ba a rubuta da kyau ba, kuma in ta karya to alama ce ɓarawon intanet ma zai iya shiga ta wannan ƙofar. Ku gwada da ɗ da ƙ da ɓ, a tabbatar an saita rumbun bayanan kan UTF-8, tsarin ajiye rubutu da ke gane irin waɗannan haruffa. Sannan dan Allah ku buɗe fom ɗin a ƙaramar waya mai rauni inda sabis ke ɗaukewa, don yawancin yaran da ita za su cike, ba da laftof ɗin ofis ba. Fom ya riƙa ajiye abin da aka cike shafi-shafi, in data ta yanke kar a koma farko. Kafin a tura kuma a nuna wa ɗalibi duk abin da ya shigar ya duba, ya samu sili mai lamba da zai riƙe a matsayin shaida.

Mataki na 4: ku raba tantancewa da ba da maki

Aiki biyu ne daban, kuma haɗa su na kawo ruɗani. Tantancewa tambayar e ko a'a ce: yana da darussan da ake buƙata, ya kai mafi ƙarancin makin da aka sa, haɗin darussansa na JAMB ya dace da kos ɗin? Wanda ya tsallake nan shi ake lissafa wa maki a jera shi.

Abin da nake roƙo a nan shi ne kar manhaja ta ce bai cancanta ba ta yi shiru. Kowane ƙi ya zo da dalilinsa a rubuce: babu kiredit a Kimiyyar Sinadarai, zama uku ne, sakamakon da ya cike ya saɓa da na hukuma. Kuma a yi rukuni na uku bayan e da a'a, wato sai mutum ya duba. Duk wanda aka samu saɓani a bayanansa, ko hoton takardarsa bai fito ba, ko sakamakonsa na riƙe a hukuma, can zai faɗa, ma'aikaci ya buɗe da idonsa. Dalilan nan kuma su za su ba ku damar ce wa yaro ba ka da abin da likitanci ke so amma makinka ya isa wani kos, ka canza tun da sauran lokaci. Yara da yawa shekara guda suke asara saboda ba wanda ya faɗa musu wannan jimlar ɗaya.

Mataki na 5: wane kayan aiki

Ƙaramar makaranta mai masu nema 'yan ɗaruruwa tana iya farawa da Excel, amma ku san haɗarinsa. Yana cinye sifilin farkon lamba in ba a saita ginshiƙin a matsayin rubutu ba, lambar da tsawonta ya wuce lambobi 15 kuma yana mayar da ƙarshenta sifili. Tsohon nau'in fayil na XLS layi 65,536 kawai yake ɗauka, sabon XLSX kuma 1,048,576. A watan Oktoba 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta yi ɓatan rahoton masu korona 15,841 saboda wannan iyakar ta tsohon fayil, layukan da suka wuce iyaka suka zube ba tare da an ankara ba.

Ni kuma abin da na gani da idona ya fi wannan tsaya min a rai. A wata makaranta da na yi aiki, wani ma'aikaci mai gaskiya, ba mugun nufi ko kaɗan, ya zo jera maki daga babba zuwa ƙarami sai ya zaɓi ginshiƙin maki shi kaɗai ya bar na sunaye a tsaye. Maki suka jeru tsaf, sunaye na nan inda suke, kowa ya ɗauki makin wani. Wata yarinya ce ta zo da silin jarabawarta a ninke cikin littafi, ta tsaya bakin taga ta ce malam ni fa ba wannan na ci ba, muryarta na rawa. Da ba ta zo ba da haka za a tafi. Kwana biyu muka yi muna warware abin, kuma har yau ina tunanin waɗanda suka ga sunansu babu suka juya gida suka ce haka Allah ya so.

Saboda haka in masu nema sun kai dubbai, ku koma rumbun bayanai na gaske, PostgreSQL ko MySQL, duka kyauta ne, kowane ɗalibi layinsa a ɗaure yake ba ya rabuwa da makinsa. Ku ce wa mai rubuta manhaja abu biyu. Na ɗaya, nauyin maki da katof (mafi ƙarancin makin da ake ɗauka) da darussan kowane kos su zauna a teburin saiti da za a iya gani a buga a takarda, kar ya binne su cikin kod, wato rubutun umarnin manhajar, inda shi kaɗai ya san wurin. Na biyu, ya ajiye maki da nau'in lamba na desimal ko ya ninka da dubu ya ajiye cikakkiyar lamba, domin a lissafin da kwamfuta ta saba yi 0.1 a tara da 0.2 ba ya ba da 0.3 cif, akwai ɗan ɓurɓushi a can ƙarshe, kuma wannan ɓurɓushin ya isa ya raba yaran nan biyu masu 69.6 ba bisa ƙa'idarku ba. In kamfani kuka ba kwangila, a rubuta a yarjejeniya cewa bayanan da kod ɗin mallakar makaranta ne, kuma za su koya wa ma'aikatanku aƙalla biyu.

Mataki na 6: gwaji, da bayanan bara da kuma na gangan

Kafin a buɗe fotal ku zuba bayanan masu neman bara gaba ɗaya, ku bar manhaja ta fitar da jerinta, ku ajiye kusa da jerin da aka fitar da hannu. Duk inda suka saɓa a zauna a gano dalili. Wani lokaci manhajar ce ta yi kuskure, wani lokaci kuma allura ce za ta tono garma.

Amma a kula, manufar ba ita ce manhaja ta kwaikwayi abin da aka saba yi ba. Makarantar koyon likitanci ta St George's da ke Landan ta faɗa wannan ramin. Wani malaminsu, Dakta Geoffrey Franglen, ya rubuta manhajar tace masu nema a ƙarshen shekarun 1970, ya yi ta gyara ta har hukuncinta ya dace da na malaman da ke tacewa da hannu fiye da kashi 90 cikin 100. Ashe har son zuciyarsu ta kwafa, tana rage wa mata maki, tana rage wa masu sunayen da ba na Turawa ba. Hukumar daidaiton launin fata ta Birtaniya ta tabbatar da haka a rahotonta na 1988, an kiyasta kusan mutum 60 a shekara aka hana zuwa intabiyu ta wannan hanyar. Shi ya sa nake cewa suna, jinsi, addini da makarantar da yaro ya fito kar su shiga lissafin maki ko ta wace ƙofa. Jiha ma wajen rabon gurabe kawai za ta yi aiki, ba wajen maki ba. Kuma ina ba da shawara a nisanci duk manhajar da za a ce tana hasashen wanda zai yi ƙoƙari. A 2020 da korona ta hana jarabawa a Ingila, hukumar kula da jarabawa ta Ofqual ta yi amfani da lissafin da ke duba tarihin makarantar yaro, ya sauke kusan kashi 40 cikin 100 na giredin da malamai suka bayar, cikin kwana huɗu da fitar sakamakon gwamnati ta janye shi. Lissafin da uba zai iya bi da biro da takarda ya samu amsa ɗaya da taku, shi ne kawai za ku iya karewa.

Bayan na bara sai ku ƙirƙiri ɗaliban bogi kamar talatin masu matsala da gangan: wanda makinsa ya yi daidai da katof cif, wanda ya gaza da 0.01, mai zama biyu, mai D7 a Lissafi, wanda bai zo jarabawa ba, tagwaye masu ranar haihuwa ɗaya. Ku lissafa amsarsu da hannu tukuna sannan ku ba manhaja. A lura musamman da bambancin fili da sifili, wanda ba a shigar da makinsa ba daban yake da wanda ya ci 0. Duk ranar da aka taɓa kod, ko gyaran harafi ɗaya ne, a sake bi da waɗannan talatin ɗin.

Mataki na 7: in za ku yi jarabawar tantancewa a kwamfuta

Ku tanadi wuta ta biyu, amsa ta riƙa ajiyuwa duk tambayar da yaro ya amsa, in na'ura ta mutu ya ci gaba daga inda ya tsaya da sauran lokacinsa. A tabbatar kowace saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da jarabawar, a kowace cibiya nau'in manhaja ɗaya take ɗauke da shi. Ko JAMB da girmanta ta gamu da wannan a 2025, lokacin da matsalar manhaja ta taɓa sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas, shugabanta na lokacin Farfesa Ishaq Oloyede ya fito ya nemi afuwa aka sake musu jarabawa. Don haka kafin ku saki sakamako ku kwatanta matsakaicin makin kowane zama da kowane ɗaki, in wani rukuni ya faɗi ƙasa warwas ba gaira ba dalili a dakata a bincika. Maki kuma ya wuce daga sabar jarabawa zuwa rumbun admishin kai tsaye, kar a bi da shi ta filashi a aljihun wani.

Mataki na 8: wa ke iya taɓa me

Kowane ma'aikaci da akawun ɗinsa da lambar sirrinsa, babu zancen akawun ɗaya na ofis da kowa ya sani. Mai duba takardu ba ya iya canza maki, mai kula da saba ba ya amincewa da admishin, gyaran maki kuma sai mutum biyu, ɗaya ya nema da dalili ɗaya ya amince. Duk canji manhaja ta rubuta wanda ya yi, ranar da lokacin, abin da yake da da abin da ya koma, a littafin da ba mai iya gogewa. Wannan kariya ce ga ma'aikaci na ƙwarai ma, ranar da babba ya kira ya ce a ɗan taɓa wa yaron wane, yana da abin faɗa: ranka ya daɗe, ko na taɓa sunana zai fito.

A riƙa kwafe rumbun kullum a ajiye kwafi ɗaya a wani wuri daban, kuma a gwada dawo da shi ko sau ɗaya kafin a shiga ruguntsumin aiki. Bayanan yaran nan amana ne, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kanku, kamar yadda GDPR, dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, ta hau kan makarantun can tun 2018, kuma duka biyun sun ba mutum haƙƙin kada na'ura ita kaɗai ta yanke masa hukunci mai nauyi. Kar a riƙa yawo da jerin sunaye da lambobin waya a guruf na WhatsApp, daga nan 'yan damfara ke samun lambar iyaye su kira su ce a turo kuɗi a gyara admishin.

Mataki na 9: ranar fitar da jeri

A rufe shigar da bayanai a ranar da aka sanar, a ɗauki kwafin rumbun a kulle, a kan wannan kwafin za a yi lissafi. Kafin komai a ƙirga: waɗanda suka cancanta, da waɗanda ba su cancanta ba, da waɗanda ke jiran dubawa, in an tara dole su ba da adadin waɗanda suka nema, ko mutum ɗaya ya ɓace a tsaya a nemo shi. Sai a jera kowane kos, a cike gurabe bisa tsarin da aka rubuta a mataki na 1 ba tare da an wuce adadin da hukumar da ke kula da makarantar ta amince ba, a fitar da jerin jiran tsammani shi ma a jere.

Kwamiti ya ɗauki goma na sama da layin katof da goma na ƙasa da shi a kowane kos ya lissafa da hannu, don a bakin layin nan ne ƙaramin kuskure ke canza rayuwar mutum. A ƙara da wasu da aka zaɓo barkatai daga tsakiya. In komai ya yi daidai a sa hannu. In kwamiti ya ga dalilin tsallake wani a jeri, a rubuta dalilin a cikin manhaja da sunan wanda ya amince.

Mataki na 10: sanarwa, ƙorafi da ganin takardu na asali

Kowane ɗalibi in ya shiga fotal ya ga makinsa a warware, na JAMB kaza, na makaranta kaza, na sakandare kaza, jimilla kaza, katof ɗin kos ɗinsa kaza. A ba da wa'adin ƙorafi bayyananne, ko mako ɗaya ko biyu, da fom a fotal mai ba da lambar bibiya, kuma wanda zai duba ƙorafin kar ya zama wanda ya yi aikin farko. Ku ajiye tebur ɗaya da mutum a zaune saboda wanda ba shi da waya ko makaho da fotal ɗin bai yi masa ba. Ku riƙe 'yan gurabe kaɗan har wa'adin ya cika, don in an gano kuskurenku ne a samu inda za a sa yaron.

Daga nan a ɗora sunayen a CAPS, JAMB ta amince, ɗalibi ya karɓa ko ya ƙi da kansa, duk admishin da aka yi a wajen wannan tsarin hukumar ba ta san da shi ba, kuma yaron ne zai sha wahalarsa shekaru masu zuwa lokacin tafiya bautar ƙasa. Wanda ya ƙi ko bai karɓa ba cikin wa'adi, manhaja ta ɗauko na gaba a jerin jira, bi da bi.

Ranar rijista a ga takardun asali ido da ido, a gwada hoto da yatsa da wanda ya zauna jarabawa. In an kammala zangon, a haɗa takardar ƙa'idar da aka sa wa hannu, kwafin rumbun da aka kulle, nau'in kod ɗin da aka yi aiki da shi da littafin canje-canje, a ajiye su wuri ɗaya da shekarar a rubuce a kai. Sannan ku zauna da ma'aikatan da suka karɓi ƙorafi tun abin na sabo a ransu, ku bi ƙorafin ɗaya bayan ɗaya, duk tambayar da ta taso wadda takardar mataki na 1 ba ta amsa ba a rubuta amsarta yanzu, a kai wa kwamiti ya sa hannu kafin a buɗe fom ɗin baɗi.